Yadda Manomin Auduga Zai Tsare Bayansa Da Gaɓoɓinsa

Jawabin da Malamin Gona ya yi wa manoma a harabar Masallacin Koudoukou, Unguwar Kilomita Biyar, Bangui

  

Kun saba ku ji ni ina magana a kan iri, da taki, da maganin ƙwari. Yau kuwa maganata a kan jikin manomi ce. Kowane manomi yana wasa fartanyarsa kafin damina, yana duba ƙotarta, yana ba shanun nomansa harawa. Amma kaɗan ne ke tunawa da cewa bayansu da gwiwoyinsu su ma kayan aiki ne, kuma su ne kayan da ba a sayar da irinsu a kasuwa.

Auduga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun wajen shekarar 1925 Turawan Faransa suka shigo da nomanta, suka sa kakanni suna yi bisa tilas. A kakar 1969 zuwa 1970 abin da ƙasar nan ta girbe ya zarce ton dubu 58. Fitinar da ta tashi a 2013 ta watsa manoma, ta lalata injunan gurza, har da yawa daga cikinku suka baro wajen Bossangoa da Bambari da Kaga-Bandoro da Sibut, wasu suka yi watanni suna kwana a wannan haraba da muke zaune. Wanda ya daɗe bai riƙe fartanya ba, ran da ya koma gona jikinsa zai yi masa gardama. Saboda haka maganar nan ta shafe ku ƙwarai. Ta kuma shafi 'yan dako na kasuwar nan, da masu tura kura, da 'yan acaɓa, da teloli.

Abin Da Ciwo Ke Jawo Wa Manomi

Ku duba lissafin nan. Kadada ɗaya tana da tsawon mita 100, faɗinta ma mita 100. Kadan an bar santimita 80 tsakanin layi da layi, za a sami layi 125. A haɗa tsawonsu duka, ya zama kilomita 12 da rabi. Watau wanda ya nome kadada ɗaya da fartanya, kamar ya tashi ne daga tsakiyar birni ya wuce shingen Kilomita Goma Sha Biyu, yana duƙe tun daga farko har ƙarshe. Kuma ba sau ɗaya yake bin layukan nan ba. Akwai shuka, akwai rage tsiro, da noman fari, da maimai, da huɗa, da feshi bayan kowane mako biyu, sa'an nan ɗiba.

Auduga kuwa ba ta jiran mai ciwo. Kadan bayan mutum ya riƙe cikin watan Yuli, ya kwanta mako biyu, ciyawa za ta rufe gonar, ta shanye takin da ya karɓa bashi. Ran awo a cire bashin taki da na magani daga kuɗinsa, ya koma gida da abin da bai kai ya kawo ba. Ciwon baya na kwana goma sha huɗu yana iya cinye wahalar shekara guda.

Yadda Allah Ya Gina Baya

Daga wuya zuwa ƙugu akwai ƙasusuwa 24 a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Tsakanin kusan kowane biyu akwai wani guringuntsi mai taushi, aikinsa kamar na gammo tsakanin kai da kaya. Tsokoki da jijiyoyi ne ke riƙe da wannan jeri, kamar yadda igiyoyi ke riƙe da rumfa. Baya abu ne mai ƙarfi, an halicce shi domin motsi da ɗaukar kaya. Abin da ke gajiyar da shi abu uku ne: daɗewa a yanayi ɗaya ba canji, da ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum, da auka wa aiki mai yawa farat ɗaya bayan dogon hutu.

Ciwon baya ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma babu ciwon da ya fi shi hana mutane aiki. Cikin goma, wajen tara ba a samun wata muguwar cuta a bayansu, gajiyar tsoka da gaɓa ce kurum. Yawancinsu suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. To, kada wanda bayansa ya riƙe ya firgita, ya ce ƙashinsa ya goce ko an yi masa jifa.

Akwai ma'aikatan asibiti waɗanda sana'arsu ke nan, maganin ciwon jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi da gashi da tausa. A ƙasar Hausa ana ce da aikinsu gashin ƙashi, a nan Bangui kuwa kun fi saninsu da sunan Faransanci, watau kine. Abin da zan gaya muku yanzu koyarwarsu ce, na daidaita ta da aikin gonar auduga.

Rigakafi A Gona

Na ɗaya. Kada ka fara da aiki mafi nauyi da sanyin safiya jiki bai sake ba. Tafiyar da ka yi zuwa gona ta ɗumama ƙafafu. Da isarka ka juya kafaɗunka, ka ɗaga hannuwa sama, ka tsuguna ka miƙe kamar sau goma. Sa'an nan ka kama fartanya.

Na biyu. Duk sa'ad da ka kai ƙarshen layi, miƙe tsaye. Dafa ƙugunka da hannu biyu ta baya, ka ɗan gantsare a hankali sau biyar. Wannan ba ya cin minti ɗaya, amma yana mayar wa baya abin da duƙawa ta karɓe.

Na uku. Ku tuna da ruku'u. Malamai sun koya mana tun muna yara cewa mai ruku'u yana miƙe bayansa sosai, yana lanƙwasawa daga ƙugu. Haka ya kamata a duƙa a gona: a ɗan sassauta gwiwoyi, a tura ƙugu baya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. In hannu ɗaya ba ya aiki, a dafa shi bisa gwiwa, ya ɗauke wa baya wani nauyi.

Na huɗu. Ka duba ƙotar fartanyarka. Dogon mutum da gajeruwar ƙota wahala ce. Ka sa a yi maka ƙota daidai tsawonka, mai santsi, wadda hannu ke kamawa ba tare da matsewa ba. Fartanya mai kaifi kuma tana rage yawan sara, kafaɗa ta huta.

Na biyar. Ka riƙa sauya aiki. In ka yi awa biyu kana noma a duƙe, tashi ka yi wani aikin na tsaye, ka dawo. Wajen ɗibar auduga, ƙananan rassa a tsuguna musu ko a durƙusa da gwiwa ɗaya. Buhun da ke rataye a jikinka kada ka bari ya cika maƙil kafin ka juye, kuma ka riƙa sauya masa kafaɗa.

Na shida. Wanda ke da shanu da garma ya yi amfani da su wajen huɗa da noma tsakanin layuka. Wanda ba shi da su ya shiga gayya. Aikin da mutum goma suka gama da hantsi ya fi wa baya sauƙi bisa ga wanda mutum ɗaya ya kwana biyar yana yi.

Na bakwai. A sha ruwa. Jikin da ya rasa ruwa cikin zafin rana yana saurin gajiya, mai gajiya kuwa shi ne ke taka rami ko ya sare ƙafarsa. In azumi ya faɗo lokacin aiki, a yi mai nauyin da sassafe.

Ɗaukar Kaya

Buhun taki kilo 50 ne. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Injin feshi na goyo mai lita 15, in ya cika, ruwan cikinsa kaɗai kilo 15 ne, ban da nauyin injin. Tun a shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada ƙaton namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, na mata da na samari kuwa ya yi ƙasa da haka nesa. Kun ga ashe buhun taki ɗaya ya kusa kai iyaka. Mai ɗora biyu a ka don a yaba masa, bayansa ne zai biya.

Ka gwada wannan a gida. Riƙe guga cike da ruwa a jikin cikinka, sa'an nan ka miƙa hannu ka riƙe ta nesa. Ruwan bai ƙaru ba, amma za ka ji nauyin ya ninka. Haka yake ga baya. Saboda haka matsa kusa da kaya kafin ka ɗaga. Buɗe ƙafafunka, lanƙwasa gwiwoyi, rungumi kayan, ka tashi da ƙarfin cinyoyi. In za ka juya, juya da ƙafafunka gaba ɗaya, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Abin da ya fi ƙarfinka, kira ɗan'uwanka. Neman a kama maka ba abin kunya ba ne.

Mai feshi ya ɗora injin bisa kututture ko durom, ya juya masa baya, sa'an nan ya sa hannuwansa cikin igiyoyin. Igiyoyin su zama biyu, masu faɗi, a ɗaure su daidai.

Iyayena, ku isar da wannan ga matan gida. Su ne ke ɗauko ruwa da itace, su ne ke dakon auduga zuwa wurin awo, sau da yawa da goyo a baya. A raba musu kaya gida biyu, a kama musu wajen ɗorawa da saukewa, a yi gammo mai kauri. Mace mai ciki a ɗauke mata kaya mai nauyi. Yara kuma ƙashinsu bai gama ƙwari ba, kada a ɗora musu kayan manya.

Kadan Baya Ya Riƙe

Da ana cewa mai ciwon baya ya kwanta har ya warke. Likitoci sun gwada, sun ga doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya, tana raunana tsoka. In zafin ya yi tsanani ka huta yini ɗaya ko biyu, amma ka riƙa tashi kana zagayawa cikin gida. Jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a gasa maka wurin kamar minti goma sha biyar. Ruwan ya zama wanda hannu ke jurewa. Mai ciwon suga ya yi hattara ƙwarai, domin fatarsa tana iya ƙonewa bai ji ba. Tausa a hankali da man kaɗanya tana kawo sauƙi. Amma kada a sa yaro ya hau bayan yana tattakawa.

Ga motsi huɗu da za ka yi bisa tabarma safe da yamma:

1. Kwanta rigingine, jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirjinka, ƙirga goma, ka sake ta, ka jawo ɗayar.

2. Kana nan rigingine, kafa tafin ƙafafunka a ƙasa, ɗaga ƙugunka sama, ƙirga biyar, ka sauke. Sau goma.

3. Durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi kamar mai rarrafe, ka tura bayanka sama, sa'an nan ka sake shi ƙasa, a hankali. Sau goma.

4. Yi tafiya a fili mai laushi, yau kaɗan, gobe ka ƙara.

Ga ma'auni. In ka ji ɗan zafi lokacin motsin, ya kuma lafa kafin wayewar gari, ba kome, ci gaba. In ya ƙaru, ko ya fara sauka cikin ƙafa, rage. Ran da ka koma gona fara da rabin yini. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da salla, Malam Liman yana nan, ya fi ni sani. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya yi salla a zaune in tsayuwa ta gagara. Ku tambaye shi.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon baya da ya wuce wata uku. Ta ƙarfafa motsa jiki da koya wa mai ciwo yadda zai kula da kansa. Ba ta yarda da dogaro da ɗamarar baya ba, ko jan baya da na'ura, ko ƙwayoyi masu sa maye. Tramadol da ake sayarwa a bakin hanya yana cikin waɗannan. Yana rufe zafin, mutum ya yi ta aiki bisa rauni, daga baya ya kasa rabuwa da shi, wani har farfaɗiya yake sa shi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kuma, in an daɗe ana sha, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. A sha su bisa umurnin ma'aikacin lafiya, na 'yan kwanaki kurum.

Targaɗe

Targaɗen idon sawu rauni ne da ke yawan faruwa tsakanin kunyoyi. Jijiyar da ke ɗaure gaɓar ce ta miƙe ko ta ɗan yage. A kwana biyu na farko wurin yana zubar da jini daga ciki, shi ya sa yake kumbura. Saboda haka a waɗannan kwanaki ban da ruwan zafi, ban da murza, ban da ja. Sa tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara da aka naɗe cikin tsumma, minti goma sha biyar, sau uku ko huɗu a yini. Naɗe da ƙyalle, ba da ƙarfi ba. In ka kwanta ɗora ƙafar bisa buhu ta fi ƙirjinka tudu.

Daga kwana na uku fara motsa ta. Kana zaune, rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsan ƙafarka. Fara takawa gwargwadon yadda za ka iya. In zafi ya ragu, dafa bango ka yi ɗage sau goma. Daga nan ka koyi tsayuwa da ƙafar ita kaɗai har ka ƙirga talatin. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke bari, shi ya sa ƙafar da ta taɓa targaɗe take yawan komawa. A yi shi kullum har mako shida.

Gwiwa Da Kafaɗa

Dattawa da yawa suna kukan gwiwa. Abin da ke tallafar gwiwa shi ne tsokar cinya. Zauna bisa benci, miƙe ƙafa ɗaya sosai, ƙirga biyar, sauke. Sau goma kowace ƙafa. Sa'an nan tashi daga bencin ka koma ka zauna ba tare da dafawa ba, sau goma. In za ka yi doguwar tafiya riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen gwiwar mai ciwo ba.

Kafaɗa kuwa, in aka ƙi motsa ta saboda zafi, sai ta sandare har sa riga ya gagara. Dafa tebur da hannun lafiya, ka duƙa, ka saki mai ciwon yana lilo gaba da baya. Bayan haka fuskanci bango, ka sa yatsunka su hau shi kaɗan kaɗan. Yi alama da gawayi inda ka kai, mako mai zuwa ka wuce ta.

Alamun Da Ba A Jira Da Su

Ni malamin gona ne, aikin likita na likita ne. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a bar gashi da tausa, a nufi asibiti ran nan:

1. Ciwon baya tare da riƙewar fitsari, ko zubar fitsari ko bayan gida ba da sani ba, ko mutuwar fata tsakanin cinyoyi.

2. Ƙafa tana rauni, mutum yana jan ta.

3. Ciwon baya da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, ko tari da ya daɗe. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani.

4. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai. Wannan yana iya zama sanƙarau.

5. Faɗowa daga itace, ko daga mota, ko babur, da ciwon wuya ko baya. Kada a zaunar da shi. A ɗauke shi a miƙe bisa ƙofa ko katako.

6. Bayan targaɗe mutum ya kasa yin taki huɗu, ko gaɓa ta karkace. A yi hoto a gani ko karaya ce.

7. Bayan feshi mutum ya ji jiki ya mutu, tsoka tana rawa, yawu yana zuba, ido yana dishi-dishi. Wannan guba ce. A tuɓe masa tufafin, a wanke shi da sabulu, a tafi da shi tare da kwalbar maganin.

8. Saran fartanya ko sukar ƙaya mai zurfi. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a karɓi allurar tetanus, cutar nan da ke ɗaure muƙamuƙi.

Sai maganar ɗori. Na san muna girmama maɗora da wanzamai. Amma ɗaurin da ya yi tsanani yana tare jini. In an ɗaure hannu ko ƙafa, sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka mutu, ko zafi yana ta ƙaruwa, a kwance nan take a tafi asibiti. Jinkirin kwana ɗaya yana iya sa gaɓa ta ruɓe har a yanke ta. Tsaga kuma da askar da aka yi wa wani tana ɗaukar cutar hanta da ƙanjamau.

Inda Za A Je

A unguwar nan a fara da ɗakin shan magani na Mamadou Mbaïki. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka babban asibiti, kamar Communautaire ko Amitié. Ka tambaya da bakinka ko akwai kine da zai duba ka, musamman bayan an cire maka filasta, domin gaɓar da ta daɗe a ɗaure sai an koya mata aiki. Waɗanda suka rasa ƙafa ko suka sami naƙasa a lokacin fitina su nemi cibiyar ANRAC a nan Bangui, wadda Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta tallafa wa bayan rikicin 2013 wajen yin ƙafar roba da sandunan dogarawa. Na ƙauye kuwa su nufi asibitin Bossangoa ko na Bambari, ko wanda ya fi kusa da su.

Iyayena, abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowa ya ɗauki abu uku ya fara da su daminar bana: miƙewa a ƙarshen kowane layi, kama wa juna buhu, da motsin tabarma safe da yamma. Za a raba muku takardar nan a bakin ƙofa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma karanta wa mata a cikin gida. Mai tambaya ya same ni bayan an shafa fatiha.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa audugarmu ta yi nauyi a sikeli. Amin. Wassalamu alaikum.